Abin da na koya wajen tsara manhajar karatun gida ga yaran ƙaramar sakandare

Karantar da yara boko a gida, ba tare da sun je makaranta ba, abu ne da aka fi sani a ƙasashe irin su Amurka, inda doka ta amince da shi a dukkan jihohi hamsin, kuma akwai kamfanonin da aikinsu ke nan su shirya wa iyaye littattafai da jadawali. A wajenmu kuwa, mafi yawan waɗanda suka yi shi larura ce ta sa su. An rufe makarantun Najeriya a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, kuma ba a daɗe da buɗe su ba aka sace ɗalibai a Ƙanƙara a watan Disamba na wannan shekarar, sannan a Jangebe a watan Fabrairu na 2021, abin da ya sa jihohi da dama suka sake rufe makarantu, musamman na kwana. A cikin wannan yanayi ne Yayana ya ɗora mini nauyin shirya wa yaran gidanmu da na wasu maƙwabta karatu, tunda koyarwa ce sana'ata. Yaran duka 'yan ƙaramar sakandare ne, daga aji ɗaya zuwa aji uku, shekarunsu tsakanin 11 da 14.

Duk malamin da aka ba irin wannan aiki, abin da zai fara nema shi ne manhajar da hukumar bincike da bunƙasa ilimi ta ƙasa, wato NERDC, ta tsara, domin a kanta ake gina jarrabawar BECE da ake yi a ƙarshen aji uku. Manhajar da ake aiki da ita a lokacin ita ce wadda aka yi wa garambawul aka soma amfani da ita a 2014. A takarda darussan ba su da yawa, amma kowanne da ka buɗe sai ka tarar da wasu a cikinsa. Darasin kimiyya da fasaha ya haɗa kimiyya, da fasaha, da kwamfuta, da motsa jiki da kiwon lafiya. Darasin addini da kyawawan ɗabi'un ƙasa ya haɗa ilimin addini, da zamantakewa, da haƙƙoƙin ɗan ƙasa, da ilimin tsaro. Na share fagen sana'a kuma ya ƙunshi noma da tattalin gida. Ga Turanci da lissafi da Hausa da kasuwanci da Faransanci da zane-zane da al'adu. An tsara wannan kaya ne domin makarantar da ke da malami ga kowane fanni, da zangon karatu uku a shekara, kuma, abin da ya fi komai muhimmanci, an tsara shi ne bisa zaton cewa yaro ya fito daga firamare yana karatu da fahimta, yana kuma iya tarawa da ɗebewa da ninkawa da rabawa. Wannan zato shi ne abin da bai kamata mai tsara karatun gida ya amince da shi ba sai ya gwada.

Gwajin da na yi ba mai wahala ba ne. Na ba kowane yaro gajeren labari na Turanci, irin na 'yan aji huɗu na firamare, na ce ya karanta a bayyane, sannan ya faɗa mini da Hausa abin da ya faru a ciki. Wani ɗan aji biyu ya karanta tsaf, har da tsayawa a wajen aya, muryarsa ba ta ko rawa. Da na tambaye shi wa ya ɓata a labarin, kuma wa ya je nemansa, sai ya yi shiru yana duban takardar, can ya ce, "Baffa, ai mu karantawa kawai ake cewa mu yi." Wata yarinya kuma, wadda idan aka aike ta kasuwa take lissafa canji da ka kafin mai shago ya gama danna waya, da na rubuta mata 456 a raba gida 4 sai ta riƙe biro ta kasa farawa. Babu daƙiƙi a cikinsu. Shekaru suka yi ana ciyar da su gaba daga aji zuwa aji, kuma a ajin da ɗalibai suka cika maƙil malami ba shi da sukunin gano wanda ke bin baki kawai.

Tela ba ya sa almakashi a yadi sai ya auna mai riga, kuma haka manhajar gida take. Ƙungiyar Pratham ta ƙasar Indiya ta yi suna da wata dabara ta rarraba yara gwargwadon abin da suka iya a karatu da lissafi, ba gwargwadon ajin da aka rubuta su ba, sannan a koyar da kowane rukuni daga inda ya tsaya. Abin da na bi ke nan. A wajen karatu, ɗan aji uku ya zauna da ɗan aji ɗaya, kuma a wajen lissafi rukunin ya canza. Wannan yana buƙatar lallashi, domin yaro mai shekara 14 yana jin kunya ƙwarai a haɗa shi da ƙaninsa, saboda haka ban taɓa kiran wani rukuni na baya ko na gaba ba, kuma na tabbatar kowa ya san cewa ana sauya rukuni da zarar ya nuna ya iya.

Daga nan tsarin ya fito da kansa. Karatu da lissafi suka zama na kullum, da safe, lokacin da kai yake wasai kuma rana ba ta yi zafi ba. Sauran darussa na daina yanka su gunduwa-gunduwa na minti arba'in kamar yadda ake yi a makaranta, na mayar da su aiki guda da za a ɗauki mako biyu ko uku ana yi. A wajen karatu na fara da Hausa, domin yaron da ya saba tambayar kansa me wannan sakin layi yake nufi a harshen da yake ji, zai ɗauki wannan ɗabi'a ya kai ta Turanci. Bayan haka a karanta Turanci, a maido da shi da Hausa, a ƙarshe a rubuta jimla uku ko huɗu da Turanci a kan abin da aka fahimta. Wasu iyaye sun nuna damuwa, suna ganin kamar ana ɓata lokaci da Hausa alhali da Turanci za a yi jarrabawa. Ina ganin damuwarsu tana kan hanya, shi ya sa na riƙa ƙara kason Turanci mako bayan mako, amma ban yarda a hana yaro tambaya da Hausa ba, domin wanda aka hana tambaya da harshensa shiru kawai yake yi.

Lissafin kashi-kashi, wanda shi ne ya fi ba yaran nan wahala, da mudu da gero muka fara shi. Na sa yarinyar nan mai lissafa canji da ka ta auna rabin mudu ta zuba a roba, ta ƙara kwata, sannan na tambaye ta nawa ya rage mudu ya cika. Nan take ta ce kwata. Sai na rubuta 1/2 + 1/4 = 3/4 a allo, na ce abin da hannunta ya yi ke nan. Ta daɗe tana duban allon tana duban robar, sannan ta tambaya me ya sa ba a tara biyu da huɗu na ƙasa ba, kuma wannan tambaya ita ce ƙofar darasin baki ɗaya, domin daga ita muka shiga maganar mayar da rabi ya zama kwata biyu. Sai dai akwai haɗari a nan da ya kamata a kula da shi: darasin mudu yana da daɗi, yara suna son sa, malami ma yana jin ya yi aiki, amma idan ba a koma takarda an yi ta maimaita misalai da alamomi da kalmomin Turancin da za su gani a jarrabawa ba, fahimtar a tsakar gida za ta tsaya.

A kimiyya, gani ya kori ji. Mun kafa sanda a tsakar gida, yara suna auna tsawon inuwarta da rula lokaci bayan lokaci suna rubutawa, suka gano da kansu lokacin da ta fi gajarta, suka kuma danganta shi da abin da malamin Islamiyya ya koya musu game da shigar lokacin azahar da la'asar. Mun kuma haɗa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, irin wadda Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya yaɗa a karkara har ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. An sa tumatir a ciki, an ajiye wasu a waje, kowace safiya ana dubawa ana rubuta yadda suke. Daga wannan aiki ɗaya aka tattauna yadda ruwa ke zama tururi ya tafi da zafi, da dalilin ruɓewar abinci, da adana amfanin gona, da zana jadawalin sakamako, wato an taɓa kimiyya da noma da tattalin gida da lissafi a lokaci guda. Sharaɗin da na gindaya shi ne kowane aiki ya ƙare da rubutaccen rahoto na shafi ɗaya. Faransanci kuwa na miƙa shi ga wani maƙwabcinmu da ya yi karatunsa a Maraɗi, domin mutum ɗaya ba zai koyar da komai da kyau ba, kuma gara a nemi mai fanni ko da sau ɗaya a mako.

Abin da ya fi manhajar kanta wuyar sha'ani shi ne lokaci. Gida yana da nasa jadawalin tun kafin malami ya zo da nasa: karatun allo bayan asuba, shara da wanke-wanke da ɗebo ruwa, girkin rana, Islamiyya da yamma, ga baƙi da aike. Kuma nauyin nan ba daidai yake sauka a kan yara ba. Namiji yakan zauna har a gama darasi, amma yarinya ana tsakiyar bayani za a ƙwala mata kira ta duba tukunya ko ta karɓi goyo, ta dawo an wuce ta, gobe ma haka. Babu wanda ya yi niyyar tauye ta, sabo ne kawai, amma a ƙarshen wata giɓin a bayyane yake a littafinta. Sai da muka zauna da iyaye mata, ba da Yaya kaɗai ba, aka amince cewa daga ƙarfe takwas zuwa sha ɗaya babu aike kuma babu kira, aka kuma raba wa yara maza wasu ayyukan safe domin kowa ya gama da wuri. Ni a ganina duk wanda zai tsara karatun gida bai yi wannan zama ba, jadawalinsa ba zai kai mako uku ba. Wutar lantarki da data ma ba abin dogaro ba ne, don haka babu darasin da na ɗora kan waya ko intanet. Idan an samu ƙari ne.

Na ari abubuwa daga makarantar allo, wadda ta daɗe da sanin cewa kowane yaro da inda karatunsa ya tsaya, ba a wanke masa allo sai ya biya daidai, kuma babba yana biya wa ƙarami. Ranar Alhamis ba ma ɗaukar sabon darasi, bitar mako kawai ake yi. Hadda tana da amfani a jadawalin ninkawa da rubutun kalmomi, amma na hana ta a kimiyya da zamantakewa, inda nake neman yaro ya bayyana abu da kalmominsa. Yaran wannan shekaru kuma suna bakin balaga, suna son a saurare su, suna son musu, suna buƙatar tsararrakinsu. Shi ya sa haɗa su da 'ya'yan maƙwabta ya zama wajibi, kuma muhawarar da suke yi duk ranar Asabar, a kan abubuwa irin su kwata da shara a unguwa, ta koyar da haƙƙoƙin ɗan ƙasa fiye da duk bayanin da zan rubuta musu a allo.

Akwai kuma batun doka da takarda, wanda iyaye sukan manta har sai lokaci ya ƙure. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa iyaye su tabbatar ɗansu ya kammala firamare da ƙaramar sakandare, kuma jarrabawar BECE, ko ta hukumar NECO ko ta jiha, ta hannun makaranta ake yi wa yaro rajistarta. Saboda haka ban bari an cire sunan kowane yaro daga makarantarsa ba. Na buɗe wa kowa fayil mai ɗauke da gwajin farko, da rahotannin aikinsa, da makin gwajin kowane wata, duka da kwanan wata a jiki. 'Yan aji uku kuma na ware musu lokaci na tambayoyin jarrabawar shekarun baya, ana sa agogo kamar a ɗakin jarrabawa. Da makarantu suka dawo, kowane yaro ya tafi da fayil ɗinsa, tare da takarda ɗaya zuwa ga malamin ajinsa mai bayyana batutuwan manhajar da aka kammala da waɗanda ba a taɓa ba, domin ya san inda zai ɗora.