Ciwon jijiyar fuska: kafin a cire haƙori na biyu

Akwai wani ciwo da ke zuwa a fuska kamar wutar lantarki ta ja mutum. Yana zuwa farat ɗaya, ya ɗauki daƙiƙa kaɗan ko minti biyu, ya tafi, sannan ya dawo. Kusan kullum gefe ɗaya yake kamawa, kuma ya fi damun mata da waɗanda suka haura shekara 50. Likitoci suna kiransa ciwon jijiyar taraijeminal, wato jijiya ta biyar cikin goma sha biyun da ke fitowa daga ƙwaƙwalwa. Rassanta uku: ɗaya ya nufi goshi da ido, ɗaya kumatu da muƙamuƙin sama, ɗaya muƙamuƙin ƙasa. Na biyu da na uku ne suka fi kamuwa, shi ya sa mai ciwon yake rantsuwa haƙori ne.

Nan ake fara asara. A cire haƙori, ciwo ya lafa kwana biyu, ya dawo, a cire na kusa da shi. In likitan haƙori ya duba, ya ɗauki hoto, bai ga ruɓewa ko ƙurji ba, to a dakata da cirewa, a nemi likitan jijiyoyi. Ciwon haƙori zugi yake yi, yana daɗewa, yana hana barci. Wannan kuwa fizga yake, kuma ɗan taɓi ke tayar da shi: wanke fuska, aski, goge baki, tauna, magana, har iskar fanka.

A yawancin mutane, wata jijiyar jini ce ke kwance a kan saiwar jijiyar a cikin kai, tana bugunta da kowane bugun zuciya har rigar da ke lulluɓe da ita ta sile, kamar wayar wuta da robarta ta zare. Wani lokaci kuma ƙari ne, ko cutar da ke cinye rigar jijiyoyi. Don haka ake son hoton cikin kai na MRI, musamman ga wanda bai kai 40 ba, ko wanda ciwon ya kama gefe biyu, ko fuskarsa ta daina jin taɓi, ko jin kunnensa ya ragu.

Farasitamol da aibufurofen ba sa taɓa wannan ciwo. Taramadol ma ɓata kuɗi ne, ga haɗarin sabo. Maganin farko shi ne kabamazefin, wanda aka fi sani da Tegretol, asalinsa maganin farfaɗiya. Kada sunan ya firgita kowa, aikinsa kwantar da jijiyar da ke tartsatsi ne. Likita kan fara da miligiram 100 sau ɗaya ko biyu a rana, ya riƙa ƙarawa a hankali. Mutane da yawa suna samun sauƙi a kan 200 sau uku ko huɗu, kuma ba a cika wuce 1,200 a rana ba. Kuskuren da ya fi yawa shi ne shan sa sai ciwo ya taso. Ba haka yake aiki ba. Sai ya zauna a jini a kan ma'auni ɗaya, don haka lokaci ake bi, da ciwo da babu. Kuma ba a yanke shi rana ɗaya. In an yi makonni lafiya, likita ne zai riƙa ragewa kaɗan-kaɗan.

Jiri, barci da gani biyu-biyu sun saba zuwa a makonnin farko, sau da yawa alamar an yi saurin ƙara maganin ne. Yana iya rage gishirin jini, ya taɓa hanta ko ƙwayoyin jini, saboda haka a yi gwaji kafin farawa, a kuma maimaita. Amma ƙuraje a jiki tare da zazzaɓi, gyambo a baki ko jan ido, wannan na gaggawa ne, asibiti a ranar.

Abin da ba a cika gaya wa mutane ba shi ne yadda yake rikici da wasu magunguna. Yana raunana ƙwayar tazarar haihuwa da ashanar da ake sawa a hannu. Yana rage ƙarfin Coartem na zazzaɓin cizon sauro, da wasu magungunan cuta mai karya garkuwar jiki. Maganin kashe ƙwayoyin cuta na eritoromaisin kuwa yana sa ya taru a jini har mutum ya yi ta tangaɗi. Duk wanda zai rubuta maka magani, ko da mai kemis ne, gaya masa kana shan wannan. Mai ciki ko mai neman ciki ta sanar da likita tun kafin ƙwaya ta farko, domin yana iya cutar da ɗan tayi. In kabamazefin bai karɓi mutum ba, akwai okskabazefin, lamotirijin, bakulofen da gabafentin.

Sauran aikin a gida yake. Lokacin hunturu, a rufe fuska da rawani ko mayafi kafin a hau babur, musamman da asuba. A yi alwala da ruwa mai ɗumi, a zuba a hankali ba tare da cuɗawa ba. In ko hakan ya gagara, a tambayi malami hukuncin taimama. A ajiye goro, ƙanƙara da tsire mai tauri a kwanakin da ciwo ya motsa, a koma kunu, fate, tuwo mai laushi, ana taunawa ta gefen lafiya. Kada tsoro ya hana tsaftar baki, don in haƙori ya ruɓe an tara ciwo biyu. Buroshin yara mai laushi ya fi asuwaki. Mai niyyar azumi ya ga likita kafin watan ya kama, domin akwai nau'in ƙwayar mai narkewa a hankali da ake sha sau biyu, sahur da buɗa-baki.

Ƙaramin littafi na da amfani ƙwarai: rana, sau nawa ya fizga, me ya tayar da shi, nawa aka sha. Da shi likita zai gane ko magani ya fara gazawa.

In ya gaza, akwai tiyata. Wadda sauƙinta ya fi daɗewa ita ce a buɗe bayan kunne, a ɗaga jijiyar jinin, a sa ɗan matashin Teflon, wani nau'in roba, tsakaninta da jijiyar fuskar. Likita Peter Jannetta na Amurka ne ya yaɗa ta. Tana da haɗarin raguwar ji da yoyon ruwan ƙwaƙwalwa. Sauran hanyoyin, wato allurar gilisarol, matsewa da balan-balan, ƙonawa da zafi, ko haske mai ƙarfi, raunana jijiyar suke yi da gangan. Sun fi sauƙi ga tsofaffi, amma sukan bar fuska ba ta jin taɓi, ciwon kuma kan dawo bayan wasu shekaru.

Ciwon da ke ƙuna dare da rana ba ya ɗagawa, kamar wanda ke biyo bayan ƙurajen da suka fito gefe ɗaya na goshi, ko bayan rauni a jijiya, daban ne. Shi amitiriftilin ya fi karɓa, ana farawa da miligiram 10 da dare, kuma sai an ba shi makonni kafin a ce bai yi ba. Irin wannan, yanka ko ƙona jijiya na iya ƙara masa zafi.