Kunun kanwa da zuciyar mai jego

Ni dai ba na gaba da kanwa. Da ita nake ɗanwake, da ita nake kashe tsamin yakuwa, kuma idan wake ya yi gardama a tukunya ita ce ke saukar masa da kai. Kuɓewa ɗanya ma sai an ɗan ɗiga mata ruwan kanwa take yin yauƙi ta riƙe korenta. Ba banza Bahaushe ya kira ta uwar gami ba. Na faɗi haka tun da farko don kada wata ta ce ga 'yar boko ta zo raba mu da abincin iyayenmu.

Abin da mutane da yawa ba su ɗauka ba shi ne kanwa gishiri ce. Ko ungurnu ce ko jar kanwa, a busassun tafkuna ake kankaro ta, a ƙasar Manga da gefen Tafkin Chadi da Dallol Bosso a Nijar, kuma sinadarin da ya fi yawa a cikinta shi ne sodiyam, wanda ke cikin gishirin miya. A gishiri, sodiyam kusan kashi 39 ne cikin 100. A tatacciyar kanwa kusan kashi 30 ne. Tazarar ba ta da yawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babban mutum kada ya kai giram 2 na sodiyam a yini, wato gishiri giram 5, kimanin ƙaramin cokalin shayi guda. To sai ka ga dattijo mai hawan jini an hana shi gishiri, an dafa masa miya lami, amma da safe an miƙa masa kofin kunun kanwa, da dare kuma idan ƙwarnafi ya taso ya jiƙa ungurnu ya sha. Gaskiya ne kanwa ta kar tsami ƙwarnafi ya kwanta, domin tana kashe tsamin ciki nan take. Sai dai gishirin da aka kora ta ƙofar miya ya dawo ta kofi.

Inda maganar ta fi damuna shi ne ɗakin mai jego.

Kowa ya san yadda muke yi. Mace ta haihu, musamman haihuwar fari da ake zuwa wankan gida, sai a ɗora garwa tun asuba. Ruwa ya tafasa, a tsoma ganyen darbejiya ko runhu a riƙa fyaɗa mata, safe da yamma, har a yi arba'in. A wasu ƙauyuka har yanzu akwai gadon ƙasa da ake hura wuta a ƙarƙashinsa ta kwanta ta gasu. Sannan ga kunun kanwa mai kauri, a dama shi da gero da kayan yaji, a ce ta sha ta ƙoshi don nono ya kawo, ciki ya wanke, sanyi kuma kada ya shige ta. Duk wannan ƙauna ce. Tsohuwar da ke tashi cikin sanyin hunturu tana hura itace saboda jikarta ba mugunta ta tashe ta ba.

A shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya, cikinsu har da Farfesa Eldryd Parry da Dakta Neil Davidson, sun lura da wani abu da ya ɗaure musu kai. Mata matasa, waɗanda ba su taɓa ciwon zuciya ba, suna zuwa makonni kaɗan bayan haihuwa da kumburin jiki da haki, zuciya ta gaza. Yawan abin ya kai kusan mace ɗaya cikin 100 da suka haihu, alhali a Amurka ana maganar ɗaya cikin 1,000 zuwa 4,000. Sun bi matan, sun ga yadda ake jego, suka wallafa bincikensu a 1978. Bayaninsu mai sauƙin fahimta ne. Sodiyam yana sa jiki ya riƙe ruwa, jini ya ƙaru a jijiyoyi. Zafin wanka da na gado yana buɗe jijiyoyin fata, dole zuciya ta ƙara gudu don ta kai jini ko'ina. Ga ta dama ta yi wata tara tana aikin mutum biyu. Kamar injin ban-ruwa ne da ya kwana yana aiki, da safe a ƙara masa fadama biyu.

Amma maganar ba ta tsaya nan ba, kuma masu son ɗora wa kanwa laifin komai su dakata. Daga baya Farfesa Kamilu Karaye na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da abokan aikinsa sun sake duba cutar, har suka tattara bayanan masu ita daga asibitoci da dama a faɗin Najeriya. Abin da ya fi fitowa fili a wurinsu shi ne rama, da talauci, da rashin karatu, da hawan jini na lokacin goyon ciki. Sun kuma sami ƙarancin wani sinadari mai suna seleniyam a jinin da yawa daga cikin matan. Al'adun jego su kaɗai ba su bayyana cutar ba. Hankali ma zai ba ka haka: kusan kowace mai jego a ƙasar Hausa ta sha kunun kanwa, amma ba kowace ce zuciyarta ta gaza ba.

Yadda na fahimci abin ke nan. Mace mai ƙoshin lafiya, ƙodarta za ta fitar da gishirin, ta yi arba'in ɗinta lafiya lau, ta fito tana sheƙi. Wadda zuciyarta ta riga ta raunana, ko jininta ya hau tun tana da ciki, ita ce kanwa da ruwan zafi ke ƙara wa kaya. Matsalar ita ce ba a gane su a fuska ranar suna.

Kuma ga inda abin yake juyewa ya zama haɗari. Alamomin gazawar zuciya su ne dai alamomin da tsofaffinmu ke kira sanyi. Ƙafa ta kumbura, ka danna da yatsa wurin ya lotsa. Fuska ta yi fum da safe. Tari da dare. Ta je bayi ta dawo tana haki kamar ta yi gudu. Ba ta iya kwanciya rigingine sai an tara mata matasan kai. Da zarar an ga haka sai a ce ruwan bai yi zafi ba, ko tana tsallake wanka, sai a ƙara itace a ƙara kanwa.

Haka ta so faruwa da ƙanwata a haihuwarta ta biyu. Na je dubiya na tarar zoben hannunta ya nutse a yatsa, tana magana tana tsayawa shan iska. Na ce wa gwaggonmu, wadda ita ke mata wanka, "Gwaggo, kumburin nan bai kwanta mini ba. A bar mu mu je a auna ta."

Ta ce, "Ke dai da asibiti. Sanyi ne, 'yar nan. Uwarku ma ni na yi mata wanka, me ya same ta?"

Na ce, "Allah ya saka da alheri, Gwaggo, ai mun san hannunki. Awo kawai za a yi mu dawo, ba mu ce a fasa wanka ba."

Da haka ta yarda, har ta raka mu. Jinin ya hau sosai. Aka ba ta maganin da ke fitar da ruwa ta fitsari da na hawan jini, aka ce a dakatar da kanwa, a rage gishiri da dunƙule, wanka kuma a sirka ruwan. Gwaggo ba ta ji daɗin maganar sirki ba, ta yi ta mita a mota, amma ta bi. Da na shiga da cewa al'adar banza ce, na tabbata ko ƙofar gida ba za mu fita ba.

Batun nono kuwa, abin da ke kawo shi shi ne yawan ba jariri ya tsotsa, da cin abinci a ƙoshi, da shan ruwa. Kunu yana taimakawa saboda gero ne da ruwa, kuma mai shayarwa tana buƙatar duka biyun. Kunun tsamiya, kunun gyaɗa, koko, fura da nono duk za su yi wannan aikin ba tare da nauyin gishiri ba. Akwai ma wata asara da ba a cika faɗa ba: kanwa idan ta yi yawa a girki tana lalata wasu sinadaran abinci, musamman bitamin B1 da ke cikin wake da hatsi, da bitamin C da ke cikin ganye. Shi ya sa ni yanzu nake jiƙa wake tun dare, da safe ɗan ƙanƙanin ruwan kanwa ya ishe shi, wani lokacin ma ba ya buƙata.

Wadda aka taɓa ce mata jininta ya hau lokacin awon ciki, ko ta yi jijjiga wajen haihuwa, ko ta haifi tagwaye, ni a gidanmu ba a dama mata kunun kanwa. Kuma a cikin makon farko, kafin hidimar suna ta ɗauke hankalin kowa, sai an kai ta asibitin sha-ka-tafi na unguwa an ɗaura mata abin awon jini a hannu, ko da tana cewa ba abin da ke damunta.