Tarihin Rayuwata, Kashi na 7: Bakan Dargaza

A makon jiya na tsaya a inda mahaifina ya amince in je hutu wurin Kawu, ƙanen mahaifiyata, a wani ƙauye gabas da Zariya, in ka haye Galma ka ɗauki hanyar Soba. Ƙarshen 1978 ne, shekara uku da hawan Sarki Shehu Idris, ina ɗan shekara goma sha uku. Mu yaran Ƙofar Gayan iyakar farautarmu a lokacin ita ce harbin ƙadangare da danƙo a jikin ganuwa.

Kawu manomi ne, amma da an kai dawa rumbu sai ya sauko da kwarinsa. Yana da bindiga harba-ka-ruga a rataye, ba ya ɗaukar ta. Cewa yake ƙararta kan kori naman dawa na kwana bakwai, baka kuwa ba ya tashin kowa.

Na iske ya riga ya sare mini reshen dargaza tun da kaka, ya ɓare shi, ya bar shi ya bushe a inuwa. A gabana ya riƙa kara shi a wuta kaɗan-kaɗan yana lanƙwasa bakin nan biyu a gwiwarsa, yana shafa masa man kaɗe don kada ya tsage. Tsirkiya ta fata ce, an yanka siririya, an jiƙa, an murɗa, aka rataya mata dutse har ta bushe a miƙe. Kyauro muka yanko a fadama, shi ya zaɓi miƙaƙƙu, yana ɗaga kowanne yana kallonsa da ido ɗaya. Ƙarafan kibau kuwa sai ranar kasuwa muka karɓo wurin maƙeri, guda biyar, ya ɗaure su da jijiya. Ya auna bakan da ƙarfina. Ya ce yaron da aka ba bakan da ya fi ƙarfinsa, hannunsa zai koyi rawa kafin ya koyi saiti.

Abu ɗaya ya hana ni: kaskon dafi. Nasa kibau baƙi ƙirin suke da dafin kwankwani, nawa farare fes.

"Kawu, nawa fa?"

"Kai da ba ka iya riƙe wuƙa ba tukuna? Ka yanke da wannan, me zan faɗa wa Yaya?"

Sai daga baya na gane nauyin wannan hanin. Mai dafi ko a cinya ya sami dabba, zai bi ta ya cim mata. Wanda ba shi da dafi ba shi da wuri sai ɗaya, bayan kafaɗar gaba, inda huhu da zuciya suke. Ga shi kibiyarmu ta Hausa ba ta da gashin tsuntsu a gindi, nauyin ƙarfen ne ke jan ta, in tafiya ta yi nisa sai ta fara karkata. Shi ya sa Kawu ya kafa mini doka: taki goma sha biyar, ko ƙasa da haka. Mako biyu na yi ina harbin kabewa a bayan gida, a tsaye, a durƙushe, daga baya a tsugune bayan damin kara, har tsirkiya ta saɓule mini fatar hannun hagu.

Sannan muka shiga daji, amma ba da baka ba. Kwana uku ina bin sa hannu rabbana. Ya nuna mini sawun gada, ƙanana masu tsini, da kashinta ƙulu-ƙulu, ya sa na murje shi a yatsa in bambance na jiya da na yau. Ya nuna mini na mazo a kurmin bakin rafi. Barewa dai tun a lokacin sai labari a wajenmu, sai an nausa arewa. Yana da ɗan ƙullin toka a tsumma, kowane ɗan lokaci ya kaɗa shi ya ga inda ƙurar ta nufa. Da hunturu iska daga arewa maso gabas take zuwa, don haka kullum ta yamma muke zagayowa, iskar na bugun fuskarmu. Ya hana ni wanka da sabulu, ya sa Inna ta rataya rigata a madafi ta sha hayaƙi.

Na tambaye shi me ya sa ba za mu tsare bakin ruwa ba. Ya ce gada ba ta damu da rafi ba, raɓa da ganye sun ishe ta, amma ba ta iya haƙuri da 'ya'yan itace da suka zubo. Ya kai ni gindin wata kanya da ke zubar da 'ya'ya, ga sawu ko'ina. Nan muka gyara maɓoya cikin sabara. Ya ce in duba kai kafin komai: mai ɗan ƙaho shi ne namiji, marar ƙaho in bar ta, wataƙila ta ɓoye ɗa a ciyawa. Kada in ja baka sai ta sunkuya cin abinci. In yi bismilla kafin in saki, in kuma an same ta da rai a yanka.

Yau in na bi hanyar nan ba na gane wurin. Duk ya zama gonar masara, abin da ya rage na daji kuma tsoro ya hana shiga. Dokar kare namun daji ta Arewa tana nan tun 1963, mu dai ba mu san da ita ba a ƙauye. Dokar da na sani ita ce ta bakin Kawu, kuma ita na karya.

Asubarmu ta uku ce a maɓoyar nan. Sanyi ya sa yatsuna sun ƙage. Gari ya fara wayewa sai ga namijin gada ya ɓullo, yana tafe yana tsayawa, kunnuwa na juyi. Ban taɓa jin zuciyata na buga mini a maƙogwaro ba sai ran nan. Ya tsaya kamar taki talatin, ya ɗaga kai yana shinshina. Na ji hannun Kawu a gwiwata, alamar in dakata. Ni kuwa gani nake zai juya ya tafi, in koma birni ba labari. Na ja, na saki.

Ya ji ƙarar tsirkiya ya zabura, kibiyar ta same shi a cinya. Ya yi wani kuka kamar na ɗan akuya, ya faɗa cikin ciyawa da ita a jikinsa.

Kawu bai ce mini komai ba. Ya zaunar da ni muka ɗan jira, don dabbar da aka bi da zafi-zafi ƙara nisa take, sannan muka bi jini. Ɗigo nan, ɗigo can a kan ganye, har rana ta take, har ya ɓace mana a kan fako. Washegari ungulu ne suka nuna mana wurin. Dila ya riga mu, sai fata da ƙashi da ƙarfen kibiyata. Kawu ya zare shi, ya goge a ƙasa, ya miƙo mini.

"Ya kwana da wannan a jikinsa. Kai ba ka ci ba, shi bai rayu ba."

Na yi kuka a wurin, kuma bai rarrashe ni ba. Da muka isa gida ya kwance tsirkiyar, ya rataye bakan a ɗakinsa kusa da kan burtunsa, wanda maharba ke ɗaurawa a ka don yaudarar dabba. Ya ce zan ci gaba da bin sa, amma ba zan sake taɓa shi ba sai ranar da na iya matsawa kusa da gada har na ga ƙiftawar idonta, in kuma bar ta ta wuce.

Saura kwana tara a koma makaranta. Yadda na yi da kwanakin nan, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.