Inda Aka Kwana a Aikin Haɗa Khal daga Inabi

Assalamu alaikum, 'yan uwa masu koyon haɗa khal a gida. Kwalbar inabin da na jiƙa da farkon hunturu ta fara yin yana a samanta, warinta kuma ya koma na tsami mai shiga hanci, don haka na ga ya dace in sanar da ku inda aka kwana. Inabin daga kasuwar 'Yan Lemo na saye shi, irin wanda ya fara laushi ake karyar da farashinsa, domin shi ya fi zaƙi.

Abin da na fi so mu fahimta shi ne, babu hanyar da ruwan inabi zai zama khal ba tare da ya ratsa ta matakin giya ba, kuma wanda bai san abin da ke cikin giyar ba, ba zai iya sanin lokacin da ta gushe ba. Giyar inabi yawancinta ruwa ne, kusan kashi 85 cikin 100. Sinadarin itanol, wanda shi ne mai sa maye, yakan kai kashi 9 zuwa 15, kuma da wuya ya wuce nan, saboda yis ɗin da ke samar da shi yana daina aiki idan itanol ɗin ya yi yawa. Ɗan abin da ya rage ya ƙunshi gilisarol, da ragowar sukari, da tanin da ke fitowa daga ɓawo da ƙwallo mai ɗaure baki, da kuma asid iri-iri. Mafi girma a cikinsu shi ne asid na tatarik, wanda ba baƙo ba ne a wurinmu, domin shi ne ke ba tsamiyar kununmu tsaminta. Jan launin ma daga antosayanin yake, dangin sinadarin da ke rina zoɓo.

Aikin hawa biyu ne. Da farko yis yana cinye gulukos da furuktos na inabin, inda giram 180 na sukari ke bayar da kimanin giram 92 na itanol da giram 88 na iskar kabon dayokzaid, wadda ita ce kumfar da kuke gani a kwanakin farko. Daga nan ƙwayoyin bakteriya na Acetobacter su karɓi aiki, su haɗa itanol da iskar oksijin su mayar da shi asid na asetik, wato ainihin khal. Masanin nan ɗan Faransa, Louis Pasteur, shi ne ya tabbatar a shekarun 1860 cewa ƙwayoyin halitta masu rai ne ke yin wannan juyi. Abin lura a nan shi ne hawa na biyu ba ya yiwuwa sai da iska, shi ya sa nake rufe bakin kwalbar da tsaftataccen ƙyalle maimakon murfi. Wanda ya toshe ta gam, giya ya ajiye a ɗakinsa.

Wannan batu ya dame ni ƙwarai a matsayina na Musulmi. Malamai sun haɗu a kan halaccin khal ɗin da ya juye da kansa, amma sun yi saɓani a kan wanda aka juya da gangan daga giya, kuma ina ganin kowa ya tuntuɓi malaminsa kafin ya fara. Ni dai tun ranar farko na zuba ɗanyen khal mai uwa, wato mai yanar nan ta bakteriya, a cikin ruwan inabin, domin bakteriyar ta riƙa cin itanol yayin da yake samuwa, kada ya taru. Ban kuma ɗanɗana komai ba tukuna.

Yanayin Kano yana da tasiri sosai. Acetobacter ta fi yin aiki tsakanin digiri 25 zuwa 30, don haka sanyin daren hunturu ya rage mata sauri, har na matsar da kwalbar kusa da madafi. Da bazara kuwa, lokacin da zafi ke kai digiri 40, inuwa mai sanyi za a nema mata. Ku guji tukunyar alminiyam ko ta ƙarfe, domin asid yana cin su. Kwalba ta fi.

Yanar da na ambata ita ce uwar khal, selulos ne da bakteriyar ke saƙawa, kuma ba a girgiza ta domin kada ta nutse. Takardar gwajin tsami tana nuna kusan 3 a ma'aunin pH, inda ƙaramar lamba ke nufin tsami mai ƙarfi, sai dai ku sani cewa wannan ba hujja ba ce, tunda giyar ma tana tsakanin 3 da 4. Abin da nake jira shi ne warin giyar ya ɓace ɗungurungum. Da zarar ya ɓace zan tace in rufe da murfi, domin idan itanol ya ƙare aka bar iska tana shiga, bakteriyar za ta juya ta cinye asid ɗin kansa, khal ɗin ya salance. Uwar kuwa zan ajiye ta don gwajin haɗa khal na dabino, duk mai buƙata sai ya yi magana in yanka masa.