'Yar kulɓar da na gani a Dutsen Baiyun

Kwana 9 na yi a birnin Gwanzu na ƙasar China ina jiran a gama loda mana kwantena, daga otal a unguwar Xiaobei sai kasuwa sai in koma otal, har kaina ya soma ciwo. Ranar Lahadi na ce da tafintanmu malam ni dai ka kai ni inda zan ga itace da ƙasa, ya ce to mu je Dutsen Baiyun ba nisa a tasi.

Akwai motar da ke bin waya ta kai mutum sama amma mu da ƙafa muka hau, ƙololuwar mita 382 ce, ga zafi ga gumi riga duk ta manne min a baya. Wajen rabin hanya na zauna bakin matakala in huta sai na ji motsi cikin busassun ganye dab da takalmina, wlh na ɗauka maciji ne. Ashe 'yar kulɓa ce, jikin bai kai tsawon yatsana ba wutsiyar ma ta fi jikin tsawo, launin tagulla tana sheƙi kamar an shafa mata mai, da baƙin layi a gefe tun daga ido. Ƙafafun 'yan mitsi-mitsi ne shi ya sa in tana gudu sai ka ga kamar iyo take cikin ganyen.

Tun muna yara ake ce mana kulɓa dafi gare ta, mun kashe da yawa da jifa, abin yana damuna don ba ta da dafi ko kaɗan, ƙananan ƙwari da gara da gizo-gizo take ci. Tafintan ya ɗauki hotonta ya bincika a waya, sunanta Scincella reevesii, sunan wani Bature John Reeves aka sa mata a 1838, shi kuma aikin duba ganyen shayi ya yi a wannan garin na Gwanzu. Abin da ya fi tsaya min a rai fatar idonta ta ƙasa, akwai wata 'yar taga garai-garai a jiki, ko ta rufe ido tana kutsawa cikin ƙasa tana gani. In aka kama wutsiyarta kuma sai ta yar da ita ta tsere, wata ta sake tsirowa.

Na kai minti 10 ban motsa ƙafata ba ina kallonta, har wasu tsofaffi masu hawa da rediyo a hannu suka zo wucewa ta shige ƙarƙashin wani ruɓaɓɓen reshe.