Sanyi na shirya wa, rana ce ta kayar da ni a dutsen Tubkal

Har yau in muna zaune a fada aka ɗauko zancen Maroko, sai wani ya runtse ido ya miƙa hannu yana lalube, a fashe da dariya. Na daina musu da su. Ni na jawo wa kaina, kuma a kan kuɗin da bai kai jikka biyu ba.

Ƙanena yana karatu a Marakesh. Na je wurinsa cikin watan Janairu, rabi hutu rabi saro kaya, shi kuwa ya dage sai mun hau Tubkal, dutsen da ya fi kowane tsawo a Arewacin Afirka, mita 4,167. Tun ina Maradi yake aiko mini da saƙon murya: "Yaya, sanyin can ba irin hunturunmu ba ne." Na ji maganarsa. Na shiga Babbar Kasuwa wurin masu gwanjo na zaɓo rigar sanyi mai kauri, safar hannu biyu, safar ƙafa ta ulu, da hula mai rufe kunne. Sanyi kam na ba shi haƙƙinsa.

A Imlil ake fara tafiya da ƙafa, wani ƙauye kudu da Marakesh, kusan mita 1,800 sama da teku. Can muka shiga shagon masu ba da hayar kaya, muka karɓi takalma da sanda da kirampon, ƙarafunan nan masu haƙora da ake ɗaura wa takalmi don kada ƙanƙara ta kwashe mutum. Mai shagon ya ɗora wani baƙin tabarau a kan kayana, mai murfi gefe da gefe kamar na masu walda. Dirhami 30. Na ture shi. Na ce masa da Faransanci daga Nijar nake, garin da zafi ke wuce digiri 40 a watan Afrilu, ranar da ta gasa ni tun ina yaro ba ita za ta ba ni tsoro cikin sanyi ba. Muna da jagora, don tun bayan kisan da aka yi wa wasu baƙi biyu a yankin a ƙarshen 2018 ba a hawa sai da jagora; shi ma ya sake maimaita mini zancen tabarau sau ɗaya, na yi dariya. Ƙanena ya biya nasa ya sa a aljihu bai ce komai ba. Ƙane ne, ya san iyakarsa. Da ma ya yi mini rashin kunya a ranar.

Hawan farko ba abin faɗa. Mun wuce Sidi Shamharush inda wani babban farin dutse yake, alfadarai suka tsaya inda dusar ƙanƙara ta fara, muka ci gaba har masaukin masu hawa, wajen mita 3,200. Abin da kawai ya kamata in lura da shi, da rana tsaka duk kwarin ya koma fari fat, ina tafe ina ƙanƙance ido kamar mai kallon kwanon rufi sabo. Na ɗauka kyau ne ya yi yawa.

Sanyin dai gaskiya ne, kada wani ya ce na raina shi. Duk mita 1,000 da mutum ya hau, zafi na raguwa da kamar digiri 6 da rabi. To Maradi ba ta kai mita 400 ba. Sanyin da muke kuka da shi a Disamba, har mu kewaye wutar kara da asuba, a can shi ne yini mai daɗi. Da na tashi alwalar asuba ruwan ya sa yatsuna sun ƙage, sai da na cusa su a hammata kafin in iya ɗaura igiyar takalmi. Mun fita da duhu da fitilar goshi. Jagoran ya ce digiri 10 ne ƙasa da sifili. Ruwan gorar da na rataya a bayan jaka ya daskare kafin gari ya waye, wayata ta mutu alhali da caji a ciki, sai da na sa ta jikin fata ta farfaɗo. Numfashina ya zama ƙanƙara a gashin baki.

Amma iskar ce ba zan manta ba. Muddin kana cikin kwari duwatsu na tare maka ita. Kana leƙowa kan tudun da ke kaiwa ƙololuwa sai ta tarye ka gaba ɗaya, ɗauke da garin ƙanƙara yana tsira fuska kamar rairayin guguwa. Digiri 10 ƙasa da sifili in iska na gudun kilomita 40 a awa, jiki yana jin sa kamar 21 ƙasa da sifili. Ƙanena yana tafe idonsa a rufe cikin tabarau, ni kuwa hawaye na zuba yana bushewa a kumatu. Muka kai wurin dalar ƙarfen da ke saman, muka yi hoto, muka juyo. Daga nan har muka sauko rana na sama, dusar ƙanƙara na ƙasa, sa'o'i da yawa, ni da idona tsirara a tsakani.

Ba a ji komai a lokacin, nan ne muguntar abin take. Mun sauka Imlil da yamma ina ta cika baki, na sha shayin na'ana'a, har na ce wa jagoran ya gani ko, ɗan Maradi ba ya bukatar gilashi. Wajen ƙarfe goma sha ɗaya na dare na farka kamar an ɗebo yashin Gulbi an zuba mini a ido. Na murza, abin ya ƙaru. Ƙanena ya kunna fitila na yi ihu ya kashe. Hawaye kamar an buɗe famfo, fatar ido ta kumbura, in na yi ƙoƙarin buɗewa sai in ji kamar ana yanka da reza. Wallahi a daren nan na sallama cewa na makance. Na yi ta tunanin yadda za a sauko da ni daga mota a tashar Maradi riƙe da sanda, da abin da zan ce wa Inna, wadda tun farko ta ce me mutum zai nema a kan dutse.

Da safe likita a Marakesh ta duba ta ce fatar gaban ƙwayar idon ce ta ƙone, irin ƙunar da masu walda ke yi in sun yi aiki ba gilashi. Hasken da ke ƙona ido ba shi da alaƙa da zafin da fata ke ji. Duk mita 1,000 yana ƙaruwa da kamar kashi 10 cikin ɗari saboda iskar sama ba kauri, sannan sabuwar dusar ƙanƙara na iya mayar da har kashi 80 cikin ɗari nasa sama, ya shigo ta ƙarƙashin hula. Busasshen yashi kamar kashi 15 kawai yake mayarwa. Ashe ranar da nake taƙama da ita daga sama kaɗai take dukana. Ta ba ni maganin ɗigawa da na rage zafi, ta ce ɗaki mai duhu, tsumma mai sanyi, kuma kada in kuskura in sake murzawa.

Kwana biyu na yi a ɗakin ƙanena an toshe taga da bargo. Su ne kwanakin da na ware don kasuwa. Shi na aika da takarda, ɗalibi da bai taɓa saro ko allura ba, ya dawo mini da jallabiyoyi rabinsu ƙanana da takalman fata masu launin da ba wanda zai sa a Maradi. Har yanzu wasu na nan cikin shago. In na haɗa wannan da kuɗin likita da magani, dirhami 30 ɗin nan sun haihu sun yi jikoki.

Wanda zai je, ya sayi rigarsa a gwanjo, ba laifi, ya sa waya da ruwa a cikin riga, ya bar kayan auduga don suna riƙe gumi. Amma tabarau ya nemi mai lamba 4, ko aƙalla 3 (lambar da ke nuna yawan hasken da gilashin ke tarewa), mai rufe gefe, ba irin na ado da ake sayarwa a bakin titi ba. Ya sa shi tun daga inda fari ya fara, ko da gajimare, don hasken na ratsa gajimare mara kauri.

Rana ta uku na buɗe ido a hankali. Abin da na fara gani ƙanena ne zaune bakin katifa yana yanka burodi, tabaraunsa na haya rataye a wuya, ya manta bai mayar ba. Sai da muka nemi mai mota zuwa Imlil ya kai wa mai shagon, muka biya kuɗin kwana uku.