Fayil ɗin da shekararsa ta ɓace a hanya

Shagonmu na buga takardu a Sabon Gari, nan Damagaram, yana ajiye ayyukan ɗaliban jami'a da na ƙungiyoyi a wata saba (kwamfutar ajiya ta nesa) da ke Yamai, muna shiga ta FTP, wato hanyar aikawa da ɗauko fayiloli ta intanet. Ni ke sa wa fayiloli suna, kuma da shekara nake farawa: "2022 rahoto.pdf", "2023 rahoto.pdf". Kwatsam sai manhajar da nake duba fayiloli da ita ta jero mini "rahoto.pdf" har biyu, ba shekara. Na danna, saba ta amsa da 550, wai ba ta san wannan suna ba.

Maigida ya leƙo: "Kai, aikin Hajiya ka goge?" Na ce, "Ranka ya daɗe, yana nan, ga girmansa ma. Sunan ne aka gutsure."

Da na buɗe tagar da ke nuna ainihin saƙon saba, sunayen cikakku ne. Ashe matsalar daga umarnin LIST take, wanda manhaja ke neman jerin fayiloli da shi. Ƙa'idar FTP ta 1985 ba ta tsayar da siffar jerin ba, don idon mutum aka yi shi. Yawancin saba layi guda suke turowa ga kowane fayil, irin na tsarin kwamfuta na Unix: izini, mai fayil, girma, wata, rana, lokaci, sannan suna. In fayil ya haura wata shida, shekara ce ke zama a gurbin lokaci, wasu kuma suna turo duka biyun. To manhaja ba ta da abin da zai nuna mata inda kwanan wata ya ƙare sai canki-canka. Ta ga "10:30 2023 rahoto.pdf", ta ɗauka 2023 na kwanan wata ne, ta haɗiye. Haka take yi wa sunan da ya fara da fili, wato tazarar da ba harafi. Sabar da aka saita da Faransanci kuwa, mai rubuta watanni kamar "févr." da "août", wannan rikici ne na daban, kuma a Nijar ba a rasa irinta.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne gogewa. A wata folda mai irin waɗannan sunaye akwai wani "rahoto.pdf" na gaskiya. Da wani ya ga uku ya ce maimaici ne ya goge ɗaya, gutsurarren sunan za a aika wa saba, ita kuma ta share na gaskiyar. Nan take na hana yaran shago taɓa komai.

Tun 2007 akwai umarnin MLSD, wanda ke ware bayanai da suna ta yadda ba sai an yi hasashe ba, amma manhajarmu ba ta amfani da shi. Sai na roƙi mai kula da sabar ya buɗe mana SFTP, wata hanyar tura fayiloli ta daban, inda suna ke zuwa a gurbinsa daban, komai ya fito daidai. Duk da haka na koma rubuta "rahoto_2023.pdf", don wasu abokan cinikinmu har yanzu ta tsohuwar hanyar suke ɗaukar aikinsu.